Jin Ra'ayin Jama'a Bai Rage Wa 'Yan Kasuwar Amurka Nauyin Takardun Hukuma Ba

Kusan kowace ranar aiki, jaridar sanarwa ta Gwamnatin Tarayyar Amurka, watau Federal Register, wadda aka fara bugawa tun 1936, takan fito ɗauke da waɗansu sanarwoyi masu kama da juna ƙwarai. Wata ma'aikata ce ko wata hukuma take shaida wa jama'a cewa tana nufin fito da sabon fom, ko sabunta tsoho, wanda za a bukaci 'yan kasuwa, masu masana'antu, manoma ko sauran mutane su cika. A cikin sanarwar akan faɗi mutum nawa ne za su cika fom ɗin, sau nawa a shekara, da kuma awa nawa ake tsammani zai ci wa kowannensu. Daga nan sai a ba da kwana 60 domin duk mai ƙorafi ko shawara ya rubuto.

Hukumomin ba don ganin dama suke yin wannan sanarwa ba. Doka ce ta tilasta musu, dokar da ake kira Dokar Rage Aikin Takardu, wadda aka kafa a 1980 aka kuma yi mata babban gyara a 1995. Manufarta ita ce kada hukuma ta ɗora wa kowa aikin cike takarda sai an tabbata akwai bukatar abin da ake tambaya, kuma sai an ji ta bakin waɗanda za su ɗauki nauyin. Amma bayan shekara 40 da 'yan kai, alƙaluman gwamnatin Amurka da kanta sun nuna nauyin ƙaruwa ya yi. Dalilan da suka sa haka sun cancanci nazari, musamman ga ƙasashen da ke ƙoƙarin sauƙaƙa wa 'yan kasuwarsu hulɗa da ofisoshin gwamnati.

ASALIN DOKAR

Kukan 'yan kasuwar Amurka a kan yawan takardu ya daɗe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin da aka kakkafa domin ƙayyade farashi da rabon kayan masarufi sun yi ta aika wa kamfanoni tambayoyi ba ƙaƙƙautawa, har ƙananan 'yan kasuwa suka kai kuka Majalisa. Saboda haka a watan Disamba na 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ce duk fom ɗin da za a aika wa mutum 10 ko fiye, sai Ofishin Kasafin Kuɗi na Shugaban Ƙasa ya duba shi ya amince tukuna. Amma dokar ta bar manyan ƙofofi a buɗe, domin ta keɓe waɗansu hukumomi, ciki har da hukumar tara haraji, wadda ita ce ta fi kowace yawan takardu.

Da abin ya ci gaba da ta'azzara, sai Majalisa ta kafa wani kwamiti na musamman a ƙarshen 1974, a ƙarƙashin jagorancin Mista Frank Horton, wakili a Majalisar Wakilai. Kwamitin ya miƙa rahotonsa na ƙarshe a watan Oktoba na 1977, inda ya ƙiyasta cewa aikin takardun Gwamnatin Tarayya yana cin fiye da Dala miliyan dubu 100 a kowace shekara, in an haɗa abin da gwamnati ke kashewa da abin da jama'a ke kashewa. Ya kuma ba da shawarwari 770.

Wannan rahoto shi ya share fagen dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ran 11 ga watan Disamba, 1980. Dokar ta kafa sabon sashe mai suna OIRA a cikin Ofishin Kasafin Kuɗi da Tafiyar da Mulki, wanda ake kira OMB a taƙaice, ta ɗora masa alhakin tantance fom ɗin dukan hukumomi, har da na haraji. Ran 22 ga watan Mayu, 1995, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan gyaran da ya ƙarfafa matakin jin ra'ayin jama'a, wanda a kansa ake tafiya.

YADDA AKE BI

Hanyar da dokar ta shimfiɗa tana da matakai bayyanannu. Da farko hukumar da ke son bayani za ta buga sanarwa ta ba da kwana 60. Doka ta ƙayyade abubuwa huɗu da za a tambayi jama'a: ko bayanin da ake nema ya zama dole ga aikin hukumar kuma yana da amfani na zahiri, ko lissafin da hukumar ta yi na awoyin da fom zai ci daidai ne, ta yaya za a kyautata tambayoyin su fito sarai, da kuma ta yaya za a rage wa masu cikawa wahala, ko da ta hanyar amfani da kwamfuta ne. Bayan hukumar ta duba abin da aka rubuto, sai ta miƙa fom ɗin ga OIRA, ta sake buga sanarwa ta biyu mai wa'adin kwana 30.

In OIRA ta amince, sai ta ba fom ɗin lamba, wadda dole a buga ta a jikinsa. Amincewar ba ta wuce shekara uku, daga nan sai a sake bin matakan tun daga farko. Akwai kuma wata aya da aka sa domin kare jama'a, wadda ta ce ba za a hukunta mutum don ya ƙi cika fom ɗin da ba shi da ingantacciyar lamba ba. Sai dai kotunan tarayya sun sha yanke hukunci cewa wannan kariya ba ta kuɓutar da wanda ya ƙi bayyana kuɗin shigarsa ga hukumar haraji, tun da yake Majalisa ce da kanta ta wajabta hakan a cikin doka.

A takarda, tsari ne mai kyau. Duk ɗan kasuwar da ya duba ƙasan fom zai ga lambarsa, zai ga awoyin da aka ce zai ci masa, zai kuma ga inda zai aika da ƙorafi in ya ga lissafin bai yi daidai ba.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Gyaran 1995 ya sa wa gwamnati buri na rage nauyin da kashi 10 cikin ɗari a 1996, da wani kashi 10 a 1997, sa'an nan kashi 5 a kowace shekara daga 1998 zuwa 2001. A lokacin da aka kafa dokar, an ƙiyasta jama'ar Amurka suna ɓata kimanin awa miliyan 7,000 a shekara wajen cike takardun Gwamnatin Tarayya. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisa, watau GAO, ya yi lissafi cewa da an cika burin, da adadin ya sauko zuwa kimanin awa miliyan 4,600 a ƙarshen Satumba na 2001. Abin da aka samu a wannan rana shi ne kimanin awa miliyan 7,600. A shekarar kuɗi ta 2015 kuwa, rahoton OMB ya nuna adadin ya kai awa miliyan 9,780.

Domin a gane girman wannan adadi, in aka ɗauka ma'aikaci yana yin aikin awa 2,000 a shekara, to daidai yake da a ce mutum kusan miliyan 5 ba su da wata sana'a tun daga farkon shekara har ƙarshenta sai cike fom. Mafi yawan awoyin kuwa, fiye da kashi 70 cikin ɗari a yawancin shekarun, daga takardun haraji suke fitowa.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne cewa yawancin nauyin daga Majalisa yake tasowa, alhali kuwa dokar hukumomi kawai ta ɗaure. In Majalisa ta zartar da sabuwar dokar haraji ko ta lafiya, ta ce a tara bayani kaza, OIRA ba ta da ikon cewa a'a. Iyakarta ta gyara siffar fom. Alal misali, a cikin babbar dokar inshorar lafiya ta 2010 an cusa wata aya wadda ta ce daga 2012 duk ɗan kasuwar da ya sayi kaya na Dala 600 ko fiye a wurin wani kamfani cikin shekara guda, dole ya cika fom mai lamba 1099 ya sanar da hukumar haraji. Ƙananan 'yan kasuwa suka ce wannan zai sa su rubuta takarda a kan kusan duk wanda suke sayayya a wurinsa. Ba wata sanarwar kwana 60 da za ta iya kawar da ayar. Sai da ƙungiyoyinsu suka matsa wa 'yan Majalisa, aka soke ta da wata doka dabam wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ran 14 ga watan Afrilu, 2011.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu amsawa. A wani bincike da GAO ya yi a 2005 a kan manyan hukumomi huɗu, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 7 cikin ɗari na sanarwoyin ne kawai suka samu ko da wasiƙa ɗaya daga jama'a. Wani binciken na 2018 ya sake tarar da cewa da ƙyar hukumomi ke samun wanda ya ce uffan a kan lissafin awoyi, ya kuma ba su shawara su riƙa tuntuɓar masu cika fom kai tsaye. Wannan ba abin mamaki ba ne. Mai gidan burodi ko mai garejin gyaran mota mai ma'aikata biyar ba shi da lokacin karanta jaridar sanarwa mai ɗaruruwan shafuka kowace rana. Waɗanda ke karantawa su ne manyan kamfanoni da ƙungiyoyin attajirai masu lauyoyi a birnin Washinton. Ga shi kuwa ƙaramin ɗan kasuwa ne nauyin ya fi danna, domin babban kamfani yana da sashen akawu da akanta, shi kuwa da hannunsa zai zauna ya cika bayan ya rufe shago, ko ya biya wani ya cika masa.

Dalili na uku shi ne cewa hukumar da ke son fom ita ce ke lissafin wahalarsa. Ma'aikacin da ya tsara tambayoyi ya san ma'anarsu, saboda haka a ganinsa aikin minti 30 ne. Wanda zai cika kuwa sai ya karanta umarni, ya tono rasit, ya tambayi akanta, wani lokaci ma ya sauya yadda yake ajiye lissafinsa ɗungum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

RIGIMAR FOM ƊIN ALBASHI

Babu misalin da ya fi bayyana wannan dalili na uku kamar rigimar da aka yi a kan bayanin albashi. Hukumar tabbatar da adalci wajen ɗaukar ma'aikata, watau EEOC, ta daɗe tana karɓar wani fom kowace shekara daga kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye, wanda ke nuna yawan maza da mata da kuma jinsinsu a matakan aiki 10. A watan Fabrairu na 2016 hukumar ta buga sanarwa cewa tana son ƙara bayanin albashi da awoyin aiki, a rukunin albashi 12, domin a gano inda ake biyan mata ko baƙar fata ƙasa da takwarorinsu. Wannan ƙari ya ɗaga yawan gurabun fom ɗin daga 180 zuwa 3,660.

A nan jama'a sun amsa, kuma amsar ta yi tasiri. Kamfanoni sun nuna cewa wa'adin ƙarshen Satumba bai dace da yadda suke rufe lissafin albashi na shekara ba, sai hukumar ta mayar da shi ƙarshen Maris. OMB ya amince da fom ɗin a watan Satumba na 2016, a kan ƙiyasin cewa zai ci wa kamfanoni kimanin Dala miliyan 53 da rabi a shekara. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta Amurka ta ce ƙiyasin ya yi ƙasa ainun, abin zai haura Dala miliyan 400.

Da mulki ya sauya hannu, sai shugabar OIRA ta lokacin, Neomi Rao, ta dakatar da fom ɗin ran 29 ga watan Agusta, 2017, tana kafa hujja da Dokar Rage Aikin Takardu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da ma'aikata suka kai ƙara. Ran 4 ga watan Maris, 2019, Mai Shari'a Tanya Chutkan ta wata kotun tarayya da ke Washinton ta soke dakatarwar, bisa dalilin cewa OIRA ba ta kawo ƙwaƙƙwarar hujja ba. Ala tilas kamfanoni suka miƙa bayanin 2017 da na 2018 kafin ƙarshen Satumba na 2019. A cikin wannan wata kuma EEOC ta fito da sabon lissafi, ta ce ashe nauyin ya haura Dala miliyan 600 a shekara, don haka ba za ta nemi a sabunta wannan ɓangare na fom ɗin ba.

Hukuma ɗaya ce, fom ɗaya ne, amma cikin shekara uku lissafinsa ya ninka fiye da sau goma. Wannan ya nuna cewa ma'aunin da aka gina dokar a kansa yana iya lanƙwasa zuwa duk inda masu mulki suka karkata. Kamfanoni sun kashe kuɗin shirya bayanin shekara biyu a gurguje, ma'aikatan da aka ce don su ake yi kuwa ba su samu tsarin da ya ɗore ba.

INDA JAMA'A SUKA CE A ƘARA TAMBAYA

Kuskure ne a ɗauka duk mai rubuto ra'ayi ragi yake nema. A farkon 2021 Majalisar Amurka ta kafa doka wadda ta wajabta wa kamfanoni su bayyana ainihin mutanen da suka mallake su, domin toshe kafar da ɓarayin dukiya da masu safarar miyagun ƙwayoyi ke bi su ɓoye kuɗi a bayan kamfanonin da babu komai a cikinsu sai suna. Sashen yaƙi da laifuffukan kuɗi na Baitulmalin Amurka, watau FinCEN, ya ƙiyasta cewa kamfanoni miliyan 32.6 ne za su cika fom a shekarar farko, wato 2024, kuma kamfani mai sauƙin tsari zai kashe kimanin Dala 85.

A watan Janairu na 2023 FinCEN ya buga daftarin fom ɗin domin jin ra'ayi. A cikinsa an bar gurabu inda mai cikawa zai iya cewa bai san sunan mai kamfani ko adireshinsa ba. Nan take 'yan Majalisa daga jam'iyyu biyu, da ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci, suka rubuto cewa wannan zai mayar da dokar wasa, tun da duk mai son ɓoyewa sai ya ce bai sani ba. A watan Satumba na wannan shekara FinCEN ya fito da sabon daftari wanda aka cire gurabun.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Ƙungiyoyin ƙananan 'yan kasuwa sun kai ƙara kotuna dabam-dabam, suna kukan cewa tarar da aka yanka, Dala 500 a kowace rana ga wanda ya ƙi cikawa da gangan, za ta faɗa ne a kan masu ƙananan sana'o'i waɗanda da yawansu ba su ma ji labarin dokar ba. Wata kotun tarayya a jihar Alabama ta yanke a watan Maris na 2024 cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki, wata kuma a jihar Texas ta dakatar da ita a watan Disamba. A watan Maris na 2025 Baitulmali ya fito da ƙa'idar da ta ɗauke wa dukan kamfanonin da aka kafa a cikin Amurka wannan nauyi, ta bar shi a kan kamfanonin ƙasashen waje da suka yi rajista a can. Miliyoyin da suka riga suka cika sun yi aikin da daga baya aka ce ba dole ba ne.

BUKATAR GWAMNATI GA BAYANI

Duk da haka, mai adalci ba zai ce a daina tambaya ba. Babu gwamnatin da za ta tsara kasafi, ta ƙayyade kuɗin ruwa, ko ta san inda ake bukatar hanya da wutar lantarki ba tare da sanin halin da kasuwa ke ciki ba. Ofishin ƙidaya na Amurka yana ƙirga kamfanoni da masana'antu kowace shekara biyar, a shekarun da suka ƙare da 2 da 7, kuma doka ta wajabta amsawa, ta kuma haramta bayyana sirrin wanda ya amsa. 'Yan kasuwa da kansu suna dogara da sakamakon wajen zaɓen inda za su zuba jari.

Haɗarin da ke akwai shi ne in tambayoyi suka yi yawa, mutane sukan gaji, su fara yin biris da waɗanda ba dole ba ne, ko da kuwa su ne mafi amfani. Ofishin ƙididdigar ƙwadago yana tambayar kamfanoni da hukumomi fiye da 100,000 kowane wata game da yawan ma'aikatansu, kuma a yawancin jihohi amsawa ganin dama ce. Kafin annobar 2020 kimanin kashi 60 cikin ɗari ke amsawa; a shekarun bayanta adadin ya faɗi ƙasa da kashi 45. Ran 1 ga watan Agusta, 2025, ofishin ya sanar da cewa ya rage 258,000 daga yawan sababbin ayyukan da ya ce an samu a watannin Mayu da Yuni. A wannan rana Shugaba Donald Trump ya sallami shugabar ofishin, Erika McEntarfer. Gyaran alƙaluma abu ne da aka saba yi yayin da amsoshin da suka makara ke isowa, amma masana tattalin arziki da dama sun yi ta jan kunne cewa raguwar masu amsawa tana raunana amincin ƙididdigar.

Har ila yau, dokar da kanta tana da nata nauyin. Bin matakanta yakan ɗauki wata shida zuwa tara, ko da kuwa ɗan gajeren fom ne na tambayar jama'a ko sun gamsu da aikin wani ofis. Watau dokar da aka kafa domin a saurari jama'a takan jinkirta hukumar da ke son saurarensu.

ABIN LURA GA NIJERIYA

Wannan batu bai yi nisa da ƙasar nan ba, domin Nijeriya ta ɗauki matakai masu kama da waɗannan. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta kafa majalisar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, PEBEC, a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo. Ran 18 ga watan Mayu, 2017, yana muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya sa hannu a kan umarnin da ya ce kowace ma'aikata ta bayyana a fili sharuɗɗanta da kuɗinta da wa'adinta. In wa'adi ya cika ba ta ba da amsa ba, a ɗauka ta amince. In kuma tana bukatar takardar da wata ma'aikata ta bayar, ta karɓi kwafi, ita ta je ta tantance. An shigar da waɗannan ƙa'idodi cikin doka a watan Fabrairu na 2023. A jerin Bankin Duniya na sauƙin kasuwanci, wanda ke auna Legas da Kano, Nijeriya ta tashi daga matsayi na 169 a rahoton da ya fito a 2016 zuwa na 131 a wanda ya fito a 2019, kafin bankin ya daina buga rahoton a 2021.

Dokar kamfanoni ta 2020 ita ma ta wajabta bayyana masu iko da kamfani, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙaddamar da kundinsu a watan Mayu na 2023. Daɗin daɗawa, ran 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin gyaran haraji guda huɗu, bayan kwamitin da ya kafa a 2023 ya nuna cewa harajin da ake karɓa a hukumance sun haura iri 60.

Yawancin waɗannan matakai sun mai da hankali ne a kan lokacin da hukuma ke ɗauka kafin ta amsa, da kuma yawan kuɗin da take karɓa. Saura ɗaya ɓangaren, watau lokacin da ɗan kasuwa ke ɓatawa kafin takardarsa ta isa teburin hukuma. A ƙasar da ke da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 bisa ƙididdigar hukuma ta 2020, waɗanda galibinsu na mutum ɗaya ne, yini guda a ofis yana nufin yini guda shago a rufe.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna abubuwan da suka cancanci ɗauka da waɗanda suka cancanci gyara. Sa wa kowane fom lamba da wa'adin ƙarewa abu ne mai amfani, domin yana tilasta wa hukuma ta sake kare bukatarta kowace shekara uku, yana kuma ba ɗan kasuwa hanyar bambanta takardar gaskiya da ta 'yan damfara. Amma lissafin wahalar fom bai kamata a bar shi a hannun wanda ya tsara shi kaɗai ba. Ya kamata a gwada shi a kan ainihin masu cikawa, a riƙe agogo a ga abin da ya ci. Ya kamata kuma a yi wannan lissafi tun doka tana gaban Majalisa, kafin ta zama tilas, tun da yake daga can mafi yawan nauyin ke fitowa.

Mafi muhimmanci shi ne yadda ake neman ra'ayi. In a ƙasar da kusan kowa ke karatu da harshen gwamnati kashi 7 cikin ɗari na sanarwoyi ne suka samu amsa, to sanarwar da aka buga da Turanci a gazet ko a intanet ba za ta kai kunnen mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko mai sayar da hatsi a Dawanau ba. Hukumar da ke son jin gaskiya sai ta bi ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin kasuwanni, ta karanta musu tambayoyin da harshen da suke ji, a rediyo da kuma gaba da gaba, sa'an nan ta bayyana a fili abin da aka ce mata da abin da ta gyara a sakamakonsa. Ɗan kasuwar da ya ga an cire tambaya ɗaya saboda maganarsa zai fi sakin jiki ya amsa sauran tambayoyin da gaskiya, kuma da irin wannan amsa ce kawai gwamnati za ta samu alƙaluman da za ta iya dogara da su.